Farin Kaya a Bayan Gadona

Jawo kujerar nan ta wannan gefen, kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya. Kin ce 'yarki ta dage sai makarantar nas, kina so jikata ta ba ta shawara. To jikata tana asibiti wurin aiki, kuma ko tana nan sai kin kasa kunne sosai kafin ki ji me take cewa. Bari ni in ba ki labarinta, tun da ni bakina bai shanye ba, ƙafa ce da hannu ɗaya suka tafi suka bar ni.

Ku a layin nan Likita kuke ce mata. Mu a cikin gida Mage muke kiranta, tun tana rarrafe. Yarinya ce da za ta shigo ɗaki, ta gama zamanta ta fita, ba wanda ya san ta zo. Yayyenta mata in suna gardama a kan wa zai yi shara, har mai shagon bakin titi sai ya san wadda ta yi nasara. Ƙannenta kuwa ba sai na faɗa miki ba, ƙwallonsu ce ta fasa miki gilashin taga. Ita ce a tsakiya, kamar abin da aka ajiye aka manta inda aka sa.

Ubanta ɗana ne, direban motar da ke raba kaya shaguna. Mutumin kirki, amma akwai shi da zance, kuma yana da wata ɗabi'a. In yana magana yaro ya zo da saƙo, ko juyowa ba ya yi, yatsa ɗaya zai ɗaga sama, haka. Wato tsaya sai na gama. Sauran yaran ba ruwansu da yatsa, faɗin abin da ya kawo su suke yi, a daka musu tsawa, su tafi suna dariya. Mage kaɗai yatsan nan yake kamawa. Akwai ranar da uwarta ta aike ta ta ce masa iska na fita daga tayar mota. Ta same shi yana ba baƙo labarin hanya, ya ɗaga yatsa, ta tsaya a bayansa har tayar ta kwanta ƙasa. Da aka tambaye ta sai ta ce, "Ai Baba bai gama ba." Aka yi ta dariya, baƙon ya ce wannan ita ce 'ya, a samo masa irinta. Kowa yabonta yake yi. Ga kunya, ga ladabi, ba ta katse babba. Da wannan yabon ta girma, ba ta san wani ba.

Shekarar da na faɗi a bakin famfo ɓarin jikina ya shanye, gidan nan ba wanda bai yi kuka ba. Da aka gama kukan sai aka ga ana bukatar mai juya ni. Yayyenta in sun zo ɗaga ni, kamar buhu suke ɗagawa. Mage ce ta gane inda ake sa hannu. Sai ta murza tafinta ya yi ɗumi kafin ta taɓa ni. Tun ban ce ba ta san bayana ya gaji da gefe ɗaya. Wata rana ubanta ya tsaya a ƙofar nan yana kallo tana gyara mini matashi, ya ce, "Ashe likita gare mu a gida." Kafin sati ya zagayo ya gaya wa mai shago, ya gaya wa mai wanki, ya gaya wa duk wanda ya sauke wa kaya. Ba wanda ya tambaye ta. Ni ce na tambaye ta daga baya, na ce ke, kina son aikin nan kuwa?

Ta ce, "Ina so, Kaka. Marasa lafiyar nake so. Masu lafiyar ne ke ba ni tsoro."

Jarrabawar shiga ta ci, ita da takarda ba sa faɗa. Ta fara makaranta, ni na zama abin gwajinta. Can wai mutum-mutumin roba gare su, a nan ni ce robar. Ta ɗaura mini abin awon jini ta yi ta matsawa, ta canja zanen gado ina kwance a kai ban ko ji ba. Na ce mata ni kam na yi sa'ar tsufa. Amma ta ce a makaranta ba haka hannunta yake ba. Da malama ta tsaya a kanta, 'yan aji suka kewaye ta, sai hannun ya kama rawa, auduga ta faɗi, abin da ta sani sarai ya gudu. Kuma su can ba aiki kawai ake so ba, sai kana yi kana faɗin abin da kake yi da ƙarfi.

Ta ce, "Kaka, su da muryarsu aka haife su. Akwai wata a ajinmu, ko ba ta san amsa ba sai ta ɗaga hannu. In ta yi kuskure ita ce ke fara dariya. Ni in na yi kuskure sai in yini ina jin sa a cikina."

Na ce, "To ke ma ki yi dariyar mana."

Ta ce, "Ba ta zuwa."

Da suka yi nisa aka tura su ɗakin kwanciyar mata su koyi aiki a kan mutane na gaske. Babbar nas ɗin ɗakin, ɗalibai Kwamanda suke ce mata, a bayan idonta dai. Ranar farko ta jera su ta kafa musu doka. Ta ce ɗaliba ba ta taɓa ƙarin ruwa, ba ta taɓa allurar da ke hannun mara lafiya, in ta ga wani abu ta zo ta faɗa. Mage ta riƙe dokar nan da hannu biyu, kamar yadda take riƙe kowace doka.

To wata safiya likita yana zagaye, Kwamanda na biye da shi suna magana. Akwai wata dattijuwa a gadon jikin taga, ana mata ƙarin ruwa da wani magani mai ƙarfi a ciki, barci ya ɗauke ta. Mage ta zo gyara mata bargo, sai ta ga allurar ta kauce daga jijiya, ruwan yana shiga cikin tsoka, hannun ya fara tashi. Ita ce ta fara gani, ki riƙe wannan. Nas nawa suka wuce ta gaban gadon ba su lura ba. Kuma ta san ɗan abin da ake murzawa a tsayar da ruwan, ga shi nan gaban idonta. Amma an ce kar ɗaliba ta taɓa. Sai ta tafi da sauri wurin Kwamanda, ta tsaya a gefenta, ta ce "Sista" da wannan muryar tata. Kwamanda tana sauraron likita, ba ta ko waiwayo ba, ta ɗaga yatsa ɗaya.

Shi ke nan. Yarinya ta tsaya. Suka matsa gado na gaba ta bi su. Suka ƙara matsawa ta bi su, tana kallon taga tana kallon yatsa, wanda ma an daɗe da sauke shi. Haka ta yi ta bin su. Har sai da 'yar dattijuwar ta dawo daga sayen ruwan zafi ta ga hannun uwarta ya zama kamar matashi, ta kurma ihu.

Maganin ya ƙone mata tsoka, wurin ya zama gyambo. Kwamanda ta tambayi wa ke kula da layin taga. Mage ba ta iya ƙarya ba, ta ce ita ce, kuma ta gani tun da wuri. A gaban likita, a gaban 'yan ajinsu, a gaban masu jinya, Kwamanda ta ce, "Kin gani, kika zo kika tsaya mini kamar sandar rataye ruwa? Ita sandar ma tana da amfani."

Ranar ta dawo ba ta gaya wa kowa ba. Washegari ta yi wanka, ta sa farin kayanta, ta fita ta ƙofar gaba. Ina ji mai shago yana cewa, "Likita, a dawo lafiya." Ba a jima ba sai na ji ana taɓa wannan ƙaramar ƙofar ta bayan ɗakina, wadda ke fita lungun kwata. Ta zagayo ta bayan layi ta shigo. Ta shimfiɗa tsohon zanena a ƙasa don kar farin kayan ya yi datti, ta zauna a nan, tsakanin gado da bango. Duba wurin. Ko akuya aka sa a nan sai ta yi ƙara.

Uwarta tela ce, kin sani, kekenta na ɗakin da ke jikin wannan bangon. In keke na gudu mu yi magana, in ya tsaya mu yi tsit. Haka ta ba ni labarin duka, guntu-guntu, ana taka keke tana faɗa, ana tsayawa a yanke zare ta haɗiye sauran.

Na ce, "To yanzu nan za ki tare? Ni dai ban da abincin ciyar da nas."

Ta ce, "Kaka, rage murya."

Na ce, "Yau kuma ni ake koya wa shiru, a ɗakina."

Ta ce, "Ba zan iya komawa ba. Duk sun ga ko ni mece ce. Dama can na sani, yanzu su ma sun sani."

Na ce, "Mece ce ke?"

Keke ya tsaya. Da ya ci gaba sai ta kwantar da kanta a gefen katifata.

Haka muka yi kwanaki. Tari in ya zo mata sai ta cusa fuska a gefen katifata. Banɗaki yana tsakar gida, ba damar zuwa, don haka ko ruwa ba ta sha sai ta ga rana ta yi sanyi. In uwarta za ta kawo mini abinci, ta ji takunta, sai ta kwanta ƙasa ta ja zanen gadon ya rufe ta. Ni kuma in ci rabi in ce na ƙoshi a bar mini sauran, har uwar ta fara cewa tsohuwa ta koyi ɓoye abinci kamar ɓera. Lokacin tashi daga aiki in ya yi, ta kakkaɓe jiki, ta fita ta lungu, ta shigo ta gaba, a ce mata sannu da aiki. Maƙwabta su zo da yamma a auna musu jini, suna Likita kaza Likita kaza, ita kuma kanta a ƙasa.

Abin da ya fi ci mata rai, wata rana uwarta ta shigo da wani farin yadi a hannu, tana murna, Mage na kwance ƙarƙashin zane. Ta ce, "Inna, kar ki gaya mata. Na biyu nake ɗinka mata, wancan wuyansa ya fara cinyewa." Ta koma ta hau keke. Muka yini muna jin ana ɗinka rigar. Ranar ko da keke na gudu ba mu yi magana ba.

Ni ba tashi nake ba balle in je in yi mata wani abu. In gaya wa ubanta, na san shi, motarsa zai ɗauka ya je asibiti ya yi musu zance, ya ƙara ɓata lamari. In yi shiru, ga yarinya tana ramewa a bayan gadona. Daga mu biyu sai tagar nan da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabci.

Ranar ganin likitana ce ta fitar da mu. Ina zuwa awon hawan jini lokaci-lokaci, kuma asibitin dai shi ne nasu. Ubanta ya ce yau kayansa da yawa, zai sauke mu a bakin get, Likita ta shiga da ni tun da gidansu ne. Ya ɗora ni a gaba, ita a gefena da farin kaya, ya yi ta ba mu labarin wani mai shago har muka isa. Ya sauke keken tura ni, ya zaunar da ni, ya ce wa mai gadi, "'Yata ce wannan," ya ja mota.

Hanyar wurin awo ta ƙofar ɗakin matan take bi. Mage ta ce za mu zagaya ta bayan wurin wanki. Na ce duk inda kika ga dama, ni kaya ce. Muka bi ta can, ƙasa duk ruwan sabulu, tayar keken ta faɗa wata 'yar kwata ta maƙale. Ta tura, ta ja, ya ƙi. Sai na ga hannu ya kama ɗaya gefen ya ɗaga. Wata mata ce gajera mai kauri, da gilashi a rataye a wuya, ta fito ƙirga zannuwan gado. Ni na zaci Kwamanda doguwa ce. Yadda hannun Mage ya saki keken ne ya gaya mini ko wace ce.

Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi jiki. Sannan ta dubi Mage sama da ƙasa ta ce, "Kayan dai fes. A ina ake aikin?"

Mage ta kafa wa tayar keken ido.

Na ce, "A wurina, ranki ya daɗe. Ba na biya, shi ya sa take zuwa kullum."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Mage, "Maganar da na faɗa miki ranar, ta yi yawa. Raina ne ya ɓaci. Amma yatsan nan ba zan daina ɗaga shi ba, da shi na tsufa, mijina ma ya gaji ya bari. Bayana kuma akwai likitoci masu yatsu goma. Ke kaɗai kika ga hannun matar nan a cikin mutum nawa. Idon da gare ki ba na iya koya wa kowa shi. Amma ido in ya gani ya bar wa kansa, me ya yi wa mara lafiya?"

Sai ta ce yanzu za a gwada. Za ta yi hira da ni, Mage ta katse ta. Nan a bayan wurin wanki, masu shanya suna kallo. Ta juyo ta fara tambayata yaushe ciwon ya same ni, wane magani nake sha, ta ɗaga yatsa sama. Ina amsawa ina satar kallon jikata. Bakin ya buɗe. Leɓen yana motsi. Ba abin da ya fito. Aka sake. Wannan karon ma har "Sis" na ji, sauran ya maƙale, hawaye suka zubo a kan farar rigar.

Kwamanda ta sauke hannu ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "To bakin ya ƙi. Hannun fa? Ja rigata."

Mage ta kai yatsa biyu ta ɗan taɓa gefen rigar.

Kwamanda ta ce, "Wannan ƙuda ne ya sauka. Ja."

Ta ja, har sai da matar ta ɗan karkato.

Ta ce, "Yauwa. Daga yau, ko da wa nake magana, ki ja. In na juyo da faɗa, ki nuna mini gadon da hannu. Bakin ya biyo baya in ya ga dama. Kuma in kin ga ruwa na shiga inda bai kamata ba, ki tsayar da shi tukun sannan ki zo. Wannan ni ce ban faɗa muku ba."

Na ɗauka an gama, har na fara godiya. Sai ta ce kwanakin da Mage ta yi ba ta zuwa sun yi yawa, ba za ta wuce da 'yan ajinsu ba, sai dai ta maimaita zaman ɗakin tare da na bayansu. Kuma makaranta sai ta ga mahaifinta. Ta ce, "Ke za ki gaya masa. Ba ni ba, ba kakarki ba, duk da na ga bakinta lafiya lau."

A ɗakin nan ta gaya masa, washegari da safe ya shigo gaishe ni. Fuskarta na kallon bango take magana. Sau nawa yana cewa, "Me kika ce?" tana maimaitawa. Ni kuwa na danne harshena, ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Da ya gane, ya dubi wurin da take zama, ya dube ni, ya fita. Ya je makarantar, ya yi abin da aka ce ya yi. Amma tun ranar bai sake ce mata Likita ba, kuma bai koma Mage ba. "Ke" yake cewa. Ba fushi yake ba, na san ɗana, bai san inda zai ajiye fuskarsa ba ne a gaban mutanen da ya gaya wa. Su kuwa mutanen layi ba su san komai ba, suna nan suna kiranta yadda suka saba.

Ta koma. 'Yan ajinsu sun wuce ɗakin yara, in sun haɗu a baranda su gaisa sama-sama. Na bayan da aka haɗa ta da su Anti suke ce mata, ba ta san ko girmamawa ce ko tsiya ba. Kwamanda yanzu wai kowace safiya sai ta jera su ta ce kowa ta faɗi abu ɗaya da ta yi daidai jiya, da bakinta. Na ce to ke me kike cewa? Ta ce ran farko ba ta samo ko ɗaya ba, aka tsallake ta. Daga baya ta ce ta juya wata mara lafiya mai barci ba ta farka ba. Kwamanda ta ce ba ta ji ba, a ƙara murya. Rigar kuwa ta ja sau ɗaya, a kan wata da numfashinta ya canja. Ta ce ta ja, ta nuna, aka ruga, amma har aka gama bakinta bai buɗe ba. Ga jarrabawar da ake yi ana magana tana tafe, ba mu san yadda za a ƙare ba. Da safe har yanzu ba ta iya karyawa.

Dattijuwar tana nan a gadon taga, ciwon da ya kawo ta mai daɗewa ne. Kwamanda ta ce Mage ce za ta riƙa wanke gyambon kullum, ita da ba kowa ba. 'Yar matar tana tsaye a kanta har ta gama, hannu a ƙirji, in Mage ta gaishe ta ba ta amsawa. Haka take buɗe bandejin, ta wanke, ta sa magani, ta naɗe, ana kallonta. Na tambaye ta hannun naki fa, yana rawa? Ta ce yana yi, amma tana gamawa. Ta ce gefen ciwon ya fara haɗewa, tabon dai ba inda za shi.

Ki turo 'yar taki ranar da ba aiki. Ki ce mata ta zauna kusa, kuma in ta yi tambaya ta jira, kar ta cike wa jikata amsar.